Ranar da Aka Sauko da Malam Usur a Kan Kujera

A makarantar nan, idan sabon malami ya zo, tun kafin a nuna masa inda banɗaki yake ake kai shi gindin matakalar bene. Sai a ce masa, "Ka ga nan? Ta nan aka sauko da Malam Usur." Daga nan a zayyana masa labarin. Malamin motsa jiki ne. Ranar da wata baƙuwa ta zo daga jami'a don ta auna yadda ɗalibai ke motsa jikinsu, ranar ce nasa jikin ya ce bai san zancen ba. Samari huɗu suka ɗauko shi da kujerar da yake zaune a kai, suka sauko da shi daga ajin sama, ya ƙanƙame gefen kujera yana cewa, "A hankali! Kai na hagu, ɗaga! Kada ku kalli juna, ku kalli ƙasa!" Usur ɗinsa yana lilo a ƙirji, kuma an fito hutu, duk makaranta tana tsakar gida tana kallo.

Masu ba da labarin a nan suke tsayawa, don a nan dariyar take. Ba sa faɗin abin da ya hau da shi benen, kuma wannan ɓangaren ya fi tsawo.

Malam Usur da fargabarsa aka haife shi. Yayarsa takan ce tun yana goye, in uwarsu ta sunkuya za ta ɗauki wani abu, sai ya shaƙe mata wuya kamar ya hango rami. Da ya girma bai canza ba. In zai yi tafiya, yakan riga mai shara isa tasha. In ya kulle ƙofa ya kai bakin titi, sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, wani lokaci ya tarar da maiɗakinsa a ciki tana buga ƙofa, don da ita ya kulle. Yana saurayi ya yi gudun dogon zango, kuma waɗanda suka san shi a lokacin sun ce da ya ci kofi ba don waiwaye ba. Yana kan gaba sai ya juyo ya duba ko ana biye da shi, kafin ya gama dubawa an wuce shi.

Yanzu shekaru sun ja. Ciki ya ɗan yi gaba, gwiwar dama kuma ta zama mai ra'ayin kanta. Abin da bai tsufa ba shi ne usur ɗin da ya ba shi suna, wanda yake rataye a wuyansa da igiyar takalmi. Mulkinsa bai wuce wani fili da ke bayan ajujuwa ba, rabi ciyawa rabi ƙasa, da turakun gola biyu, ɗaya ya karkace kamar yana sauraron gulma. Sai wani ɗan ɗaki da yake ajiye ƙwallaye, yawancinsu sun sace, amma ya ƙi zubarwa don kada wata rana a ce a kawo su a gani. Talata da Alhamis yake fito da manyan ɗalibai filin. Ya san kowane uzuri. Ya san 'yan matan da cikinsu ba ya ciwo sai ranar Talata, ya san masu ɓuya a bayan tankin ruwa. Ba ya duka, ba ya zagi. Sai ya zagaya bayan tankin ya tsaya yana lallashi: "Ko zagaye ɗaya, 'yata. Ba sai kin yi gudu ba, tafiya ma ta wadatar." Kuma sau da yawa sukan tashi, don kunyarsa.

A shekarar da abin ya faru, ɗaliban makarantar sun faɗi jarrabawar lissafi faɗuwa mai ƙara. Shugabar makaranta, wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta ce a taron malamai tana duba jadawali, akwai darussan da za a sake auna amfaninsu. Ba ta kalli kowa ba. Malam Usur ya tabbata shi ne wanda ba ta kalla ba. Malamin lissafi, abokinsa, wanda teburinsu ke manne da juna a ɗakin malamai, kuma filas ɗaya suke shan shayi, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mutumina, Talata da Alhamis ɗin nan naka, da ni aka ba, da yaran nan sun san sau bakwai." Da wasa ya faɗa. Amma a makon ne kuma wasu mutum biyu suka zo da tef suka auna gefen filin, aka ji ana zancen ɗakin gwaje-gwaje.

Malam Usur ya haɗa wannan da wancan, ya hango kansa a sito yana raba alli. In darasin ya tafi, filin zai bi shi, in filin ya tafi, ina za a busa usur? Abinci ya fara yi masa yawa.

Ana cikin haka autarsa, wadda ke aji huɗu a makarantar, ta kawo takarda gida don iyaye su sa hannu. Takardar ta ce ranar Laraba ta mako mai zuwa wata mai bincike za ta zo daga jami'a, za ta raba wa manyan ɗalibai takardar tambayoyi a kan yadda suka saba motsa jiki: wasannin da suka yi, tafiyar ƙasa, aikin da ya sa su zufa, duk a cikin kwana bakwai kafin ranar. Ba za a rubuta suna ba. Kuma ba jarrabawa ba ce.

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta kashe masa jiki. A iya zamansa a aikin koyarwa, duk abin da aka ce ba jarrabawa ba ne shi ya fi kayar da mutum. Sufeto ma cewa yake yi gaisuwa kawai ya zo.

Maiɗakinsa tana kan keken ɗinki a falo, da allura a baki. Ya tsaya a kanta da takardar.

"Maman Auta, kin ji? Kwana bakwai kafin ranar. Wato daga gobe."

"To sai me?" ta ce, ba tare da ta cire allurar ba.

"Sai me? In yaran nan suka rubuta gaskiya, tawa ta ƙare. Kin san abin da suke yi da sun koma gida? Waya. Su kwanta da waya, su juya da waya. Shugaba za ta ɗauki takarda ta ce, shekara da shekaru muna ba shi kwana biyu a mako, ga amfanin da ya yi."

"Malam, ita Shugabar ce ta aiko matar?"

"Ba a ce ba."

"To?"

"Rashin faɗar ai shi ne abin tsoron."

Auta tana kwance a doguwar kujera, da wayar uwarta a hannu. Ta ce, "Baba, an ce fa abin da muka saba yi za mu rubuta."

Ya dube ta, ya dubi wayar, ya dubi yadda ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Ya ce, "To za ku saba. Kuna da mako guda."

A yi masa adalci, ƙarya ba ta zo masa a rai ba. Da wani ne, sai ya tara yara ya ce kowa ya rubuta yana gudu kullum, a wuce wurin. Shi ba zai iya ba, don ya san ranar da za a gano. Abin da ya yanke shi ne yaran su yi abin da za su rubuta, ta yadda ko an rantsar da su ba za su ji tsoro ba. A ganinsa bai bambanta da share tsakar gida in za a yi baƙi ba.

Washegari ya sami Shugaba ya ce yana so ya ɗan riƙa motsa manyan ɗalibai da safe kafin a shiga aji. Ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce, "In dai ba zai taɓa darasin farko ba." Ya ce ko kusa.

Daga nan makaranta ta shiga wani hali. Da sanyin safiya ana zagaye fili. Da an fito hutu, a hau bene a sauko, a hau a sauko, har malaman ajin ƙasa suka fara rufe ƙofa saboda dirin ƙafafu. Igiyar tsalle ba ta isa ba, ya kwance igiyar shanyar gidansu ya yanyanka, maiɗakinsa ta fito da wanki a bokiti ta tarar da turaku tsirara. Masu zuwa a bas ya ce su riƙa sauka tasha ɗaya kafin makaranta su ƙarasa a ƙasa, kuma da yake ya san halinsu, sai ya je ya tsaya a tashar da usur a baki. Direban bas ya fara tsayawa da kansa yana cewa, "Yaran Malam, ku sauka, ba na son fitina."

Ranar Juma'a ya ba su aikin gida: kowa ya yi wanki, ya yi guga, ya share gida, ya karɓi duk aiken da aka yi, kuma ya je a ƙasa. Ranar Litinin wata uwa ta zo makaranta hankalinta a tashe. Ta ce ɗanta ya wanke mata labule ba tare da an sa shi ba, a gaya mata gaskiya, wane laifi ya yi?

Shi kansa da farko tsayawa yake yi a tsakiyar fili yana busa. Sai ya jiyo wani dogon yaro yana cewa, "Ai busa ba ta da wuya." Maganar ta tsaya masa. Idan baƙuwar ta tambayi yara ko malaminsu yana yi tare da su fa? Ya ɗaure igiyar takalminsa ya shiga layi. Abin mamaki, ƙafafun sun tuna. Ya wuce 'yan bayan tanki, ya wuce masu ciwon ciki, har ya kusa kamo dogon yaron, sai ya waiwaya. Yara suka yi ta ihu suna tafi, shi kuma wani daɗi ya ratsa shi wanda ya manta da irinsa. Da yamma maiɗakinsa tana shafa masa man zafi a cinya tana cewa, "Malam, wannan ƙafar fa ba ta da safaya." Ya ce saura kaɗan.

Ranar Litinin ɗin ce kuma malamin lissafi ya ƙarasa shi. Suna shan shayi, ya ce, "Ni wani lissafi nake yi. In takardar nan ta nuna yara suna gudu safe da rana, a tasha da gida, to me za a yi da Talata da Alhamis? Ai sun ƙoshi."

Malam Usur ya ajiye kofi. Bai taɓa duba abin ta wannan gefen ba, shi da yake duba kowane gefe. In sun rubuta kaɗan, darasinsa bai yi amfani ba. In sun rubuta da yawa, ba a bukatarsa. Ya ce, "To yanzu ya zan yi?"

"Ka sa su yi rabi," in ji malamin lissafi, yana tsoma burodi.

Amma ba a mayar da gudun da aka riga aka yi. Kuma mutum irinsa in tsoro ya kama shi ba ya iya zama. Ranar Talata, jajibirin zuwan baƙuwa, ya ƙara musu da tsallen kwaɗo daga gola zuwa gola, kuma shi ne a gaba.

Da safiyar Laraba sai da Auta ta sa masa safa.

Mai binciken yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta zo da jaka a baya, ta rungumo kwali cike da takardu da fensura, ta gaishe shi har da rusunawa. Ya karɓi gaisuwar a tsaye ƙiƙam, don in ya lanƙwasa bai san ko zai miƙe ba. Ajin da aka tara ɗaliban yana sama. Suka nufi matakala. Yara suna hawa a karkace, kowa ya riƙe ƙarfen gefe, ana nishi kamar ɗakin haihuwa. Shi ma ya bi su a karkace.

"Malam, lafiya ɗalibanku suke ɗingishi?" ta tambaya.

"Girma suke yi," in ji shi.

Ya sami kujera a can bayan aji ya zauna, ya ji cinyoyinsa sun yi wata ajiyar zuciya. Ita kuma ta raba takardu da fensura, ta yi bayani a natse. Babu amsar daidai, babu ta kuskure. Kada kowa ya rubuta suna, kada kowa ya leƙa ta wani. Kowa ya tuna kwana bakwai da suka wuce, ya sa alama a akwatin da ya dace da shi. Ta ce bari ta karanta musu ɗaya su ji yadda take: "A cikin kwanakin nan, sau nawa ka yi wasa ko aikin da ya sa ka zufa har numfashinka ya ƙaru?"

Aji ya fashe da wata irin dariya, irin ta mutanen da suka sha wuya tare. Dogon yaron nan ya ce, "Anti, akwatunan sun yi kaɗan."

Ta yi murmushi, ta ɗauka raha ce. Malam Usur yana daga baya yana ƙoƙarin karanta fuskarta, yana lissafin ko da yawa ya fi ko kaɗan, har yanzu bai yanke ba. Sai ya ga hannu a sama. Hannun Auta ne.

Ba tonon asiri ta yi niyya ba. Yarinyar ta gaji ubanta ne. Ta ɗora fensir a kan akwati, tsoro ya kama ta kada ta sa alama inda bai kamata ba, a zo a gano daga baya. Ta ce, "Anti, don Allah, na makon nan za mu rubuta, ko na irin makon da muka saba?"

"Akwai bambanci ne?"

Aji duka ya juya baya, kujeru suna ƙara, wuyoyi suna ciwo, aka zuba wa Malam Usur ido.

Ya yi niyyar tashi ya yi bayani kamar mutum. Ya dafa gwiwa ya yunƙura. Babu abin da ya faru. Ya sake yunƙurawa, cinyoyin suka riƙe tamau, kamar an zuba musu siminti. Dole daga zaune ya yi bayanin, kuma yara suka taya shi, kowa yana ƙara nasa: zagayen safe, bene, tashar bas, labule, tsallen kwaɗo.

Da mai binciken ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta dubi kwalinta, ta dubi takardun da ke kan tebura, ta ciji leɓe, ya gane ita ma akwai wanda take tsoro a can inda ta fito. Can ta ce, "Malam, ni so nake in san yadda suke in babu mai kallonsu. Makarantu da yawa nake zagawa, in na haɗa wannan makon da nasu, ya ɓata duka." Ta bi layi tana karɓe takardun tun ba a ɓata su ba.

"Shugaba ce ta aiko ki?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"A'a, Malam. Ni na roƙe ta ta bar ni in shigo."

Sai aka kaɗa ƙararrawar hutu, aji ya tashi, shi bai tashi ba. Sauran labarin kuwa an san shi.

Kwana biyu ya yi a gida yana jiran a aiko masa da takardar sito. Auta tana ta raɓe-raɓe a bakin ƙofa, har ya kira ta ya ce ta daina, tambayar da ta yi, da shi ne ma ita zai yi. Da ya koma makaranta Shugaba ba ta kira shi ba. Ta gaishe shi a baranda, ta ce ya jiki, ta wuce. Wannan ya fi kira tayar masa da hankali.

Mai binciken ce ta neme shi a waya. Ta ce za ta dawo, amma ba za ta faɗi ranar ba, sai jikin yara ya koma yadda yake. Alfarma ɗaya take nema. "Kada ka ƙara, Baba, kada ka rage. Ka yi Talata da Alhamis ɗinka yadda ka saba, shi ke nan."

Bai taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba. Da an fito hutu sai ya tsaya a baranda yana kallon manyan ɗalibai sun baje a gindin bishiya kamar kayan wanki, hannunsa ya tafi wuya da kansa. Ƙarshe ya cire usur ɗin ya sa a aljihun baya, inda sai ya yi tunani kafin ya kai gare shi. Kowace safiya in ya ji ƙarar ƙofar makaranta sai ya leƙa ko mai kwali ce. Ya san abin da za su rubuta yanzu, gaskiya ce tsirara, kuma an hana shi ko yafa mata mayafi.

Wata safiya ya iso da wuri, kamar kullum, ya tarar da 'yan mata a bakin ɗakin ƙwallaye. 'Yan bayan tanki ne. Babbarsu ta ce, "Malam, igiya muka zo karɓa."

Ya waiga hagu da dama. "Wace igiya? Wa ya aiko ku?"

"Ba kowa. Mun ga da safe babu rana, kuma samari ba su iso ba balle su yi mana dariya."

Shekara nawa yana lallashin yaran nan su yi ko zagaye ɗaya. Yau ga su da ƙafarsu, kuma ya riga ya yi wa mai binciken alkawari. Ya ce, "Ku rufa mini asiri ku je ku zauna. Ku koma yadda kuka saba. In matar nan ta zo ta tafi, wallahi har igiyar rijiya zan nemo muku." Suka tafi suna gunaguni. Da ya ɗaga kai sai ya ga labulen ofishin Shugaba yana motsi, ya ƙara wannan a cikin abubuwan da za su hana shi cin abincin rana.

Mai binciken ta dawo wata ranar da ba kowa ke tsammani ba. Wannan karon an roƙe shi ya zauna a ɗakin malamai, malamin lissafi ya ja kujera ya tare ƙofa, wai gadi yake yi. Da yamma a gida Malam Usur ya tare Auta.

"Me kika sa a ta zufar nan?"

"An ce sirri ne, Baba."

"Ni fa ubanki ne."

"An ce har iyaye."

Maiɗakinsa ta yi dariya har ta saki zare.

Sai da zangon karatu ya kusa ƙarewa Shugaba ta aika a kira shi. Ya shiga ya ƙi zama, ita ma ba ta matsa ba, wataƙila ta tuna abin da zama ya jawo. Ta ce mai binciken ta aiko da bayani a dunƙule, babu sunan kowa. Mafi yawan manyan ɗalibai, musamman mata, ba sa yin abin da zai sa su zufa a mako sai ranakun darasinsa.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na sani, ranki ya daɗe. Na yi iya ƙoƙarina. In sito ne, ina roƙon a bar ni in tafi da ƙwallayen."

"Wane sito?" Ta cire tabarau ta goge. "Malam, in na ɗauke duka, ba su da komai ke nan. Talata tana nan. Alhamis dai na ba lissafi, wannan ba makawa. Ɗakin gwaje-gwaje zai ci gefen da golar nan mai karkata take, sai ka matsar da ita."

Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga hannu.

"Ban gama ba. Ka nuna mini yaran nan za su iya zuwa da wuri ba tare da an taɓa darasin farko ba. Da ban sani ba. Kuma na ga 'yan matan da ka kora. Daga zango mai zuwa motsa jikin safe ya zauna, kullum, ga duk mai so. Kai ne mai shi. Banda tsallen kwaɗo."

Ya fito ya tsaya a baranda, bai san ko cin nasara ya yi ko hukunci aka yanke masa ba. Har yau bai gama yankewa ba. Abin da ya tabbata shi ne kullum yana filin kafin kowa, filin da ya rage faɗi, da igiyoyi a kafaɗa, yana duban sama ko za a yi ruwa, yana duban ƙofa ko yau ba wanda zai zo. Suna zuwa. Ba duka ba, kuma wasu tafiya kawai suke yi suna hira, amma suna zuwa. Maiɗakinsa ta sayi sabuwar igiyar shanya, ta ƙarfe.

Malamin lissafi kuwa bai bar shi ya huta ba. Duk ranar da aka ce taron malamai a ajin sama za a yi, sai ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya, "Ina samari huɗu masu ƙarfi? A kawo kujerar Malam!" Rannan ya yi haka a gaban wani sabon malami, ɗakin ya ɗauki dariya. Malam Usur ya gama kurɓar shayinsa, ya ajiye kofi, fuskarsa da damuwa ta gaske.

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Amma ku faɗi tsakani da Allah, yaran nan huɗu sun yi zufa ranar ko ba su yi ba? Numfashinsu ya ƙaru ko bai ƙaru ba? Ni abin da ke damuna har yanzu, mai binciken nan ta riga ta karɓe takardun. Ba a rubuta ba."